Ƙorafin Yara da Ya Girgiza Gwamnati: Soweto, 1976

Hausawa kan ce yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. To, yaran Soweto dai sun ƙaryata wannan magana.

A shekarar 1974 gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta tilasta wa makarantun baƙar fata koyar da lissafi da wasu darussa da harshen Afrikaans. Malamai da dama ba su ƙware a harshen ba, balle ɗalibai. Batun ya zama abin hirar yara kullum: wa zai ci jarrabawa da harshen da ba ya ji? Hukuma kuwa ta yi kunnen uwar shegu.

Ranar 16 ga Yuni, 1976, dubban ɗalibai suka nufi filin wasa na Orlando cikin lumana, sai 'yan sanda suka buɗe masu wuta. Cikin waɗanda aka kashe har da Hector Pieterson, ɗan shekara 12. Bayan 'yan makonni gwamnati ta janye tilascin, kuma a 1991 ƙungiyar OAU ta mai da ranar ta zama Ranar Yaran Afirka.

'Yan'uwa ɗalibai, mun san wahalar karatu da harshen wasu. In ƙannenmu suka kawo kuka, mu saurare su.