Barcin Soja

Garin Tsiga yana kudancin ƙasar Katsina, cikin yankin Bakori, a wannan shimfiɗar noma ta Funtuwa da Malumfashi inda dawa da masara da auduga su ne dukiyar mutane. Manomin wannan wuri kiran assalatu ke tashe shi. In ya yi salla sai ya saɓa garma ya nufi gona, ya yi ta aiki har rana ta take tsaka, sa'an nan ya nemi gindin ɗorawa ya yi ƙailula. Bayan lisha kuwa, in an ci tuwo an ɗan taɓa hira, kowa sai ya nemi makwancinsa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a zuciyarsa, gama abu na fari da aikin soja ke karɓewa daga hannun mutum shi ne ikon barcinsa.

Kwanan zaune ba baƙo ba ne ga mutanen kudancin Katsina. Cikin zamanin da Maraɗawa ke kawo hari, kafin zuwan Turawa, garuruwa su kan rufe ƙofofin ganuwa da faɗuwar rana, a sa masu tsaro. Amma wannan abu ne mai lokaci. Mayaƙan sarki da rani su ke fita, in damina ta kawo kai kowa ya koma gonarsa, ba kuwa wanda ke tashinsu kullum da asuba don su koyi taka ƙafa tare. Sojan da agogo ke mulkinsa dare da rana, rani da damina, Turawa suka zo da shi.

Asalin abin daga Ikko ne. A 1863 wani hafsan jirgin ruwa, Glover, ya tara waɗansu Hausawa kaɗan, yawancinsu bayi ne da suka tsere, ya ba su bindigogi ya koya musu rawar soja. A 1897 Gwamnatin Ingila ta sa Lugga ya kafa rundunar tsaron iyakar Afirka ta Yamma, ita ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903, ita ce kuma ta yaƙi Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916. A 1924 aka buɗe barikin koyar da kurata a Zariya. Ba a daɗe ba kuwa hanyar jirgi ta ratsa Funtuwa zuwa Gusau, sai ya zama saurayin ƙasar Tsiga da ke son kaki, tafiyar yini ɗaya ce tsakaninsa da bariki. Har zuwa Yaƙin Hitila da Hausa a ke sarrafa sojan Nijeriya, hafsoshin Turawa ma tilas su koyi Hausa su ci jarrabawa.

Kurtu ya kan yi wajen wata shida yana koyo. Tun duhu bai washe ba a ke busa begila. Kafin ya sa kome a bakinsa sai ya yi gudu da tsalle-tsalle, sa'an nan a shiga fili a yi ta lafirai har rana ta yi zafi, ga saje yana daka tsawa. Bayan wannan akwai koyon harbi, da share bariki, da wankin kaki da gugarsa, da gyaran jar dara da ɗamara. Da la'asar kuma a fita wasanni. Ba takalmi a ƙafa a zamanin nan, sai cikin Yaƙin Hitila aka ba kowa. Albashin soja sule guda ne a rana. Duk wannan ɗan manomi ya kan jure shi, don wanda ya saba huɗa tun asuba gudun mil uku ba ya ba shi tsoro. Inda gizo ke saƙa shi ne gadi.

Ƙa'idar gadi a sojan Ingila ita ce mutum ya tsaya awa 2, ya huta awa 4, haka har yini da kwana su cika. In aka lissafa sai a ga tsayuwar awa 8 ce, hutu awa 16, har wanda bai sani ba ya ce ai wannan gata ne. Amma hutun nan a gadurum a ke yinsa, da kaki da ɗamara a jiki, bindiga na kusa. Mutum bai gama nutsewa cikin barci ba kofur ya zo ya taɓa ƙafarsa. Tsakar dare kuma hafsan da ke da aikin ranar ya kan zo zagaye, a kira 'yan gadi duka su fito su yi layi, har da waɗanda suka kwanta yanzu. Barcin da aka yanyanka haka ba ya kai barcin da aka yi a jere amfani. Gari ya waye kuwa fareti ba ya jiran kowa. In mutane sun yi ƙaranci a kamfani, saboda ciwo ko hutu, sai gadi ya riƙa zagayowa kan mutum ɗaya da sauri, shi ke nan ya shiga bashin barci wanda ba shi da ranar biya.

Laifin gyangyaɗi a wurin gadi kuwa ba ƙarami ba ne. Bisa tsohuwar dokar sojan Ingila, wanda aka kama yana barci a bakin aikinsa a fagen yaƙi hukuncinsa kisa ne. Cikin yaƙin 1914 an yanke wa ɗaruruwan sojan Ingila wannan hukunci, ko da ya ke biyu kaɗai aka harbe, a ƙasar Iraƙi, a 1917. Sai a 1928 aka soke kisa a kan wannan laifi. A bariki abin da ke biyo baya shi ne kurkuku, da yankan albashi, da gwale-gwale a rana da kaya a baya. To, a nan akwai abin dubawa. Mutum ya yi gyangyaɗi don gajiya, aka hore shi da abin da zai ƙara masa gajiya, daren gobe kuma aka mai da shi bakin ƙofa. Wannan ba dabara ba ce, ko da ya ke an daɗe ana yinta.

Wanda ke tsakanin doka da mutane shi ne samanja. Bature ke ba da umurni, amma samanja ne ya san wanda ya kwana tsaye jiya, da wanda matarsa ta haihu shekaranjiya, da wanda azumi ya galabaita. Samanjan kirki ya kan juya sunayen 'yan gadi yadda nauyin ba zai taru a kan mutum ɗaya ba. Cikin irin waɗannan dattawan bariki wanda ya fi suna shi ne Chari Maigumeri, mutumin Barno. Da Jamus ya fara aikin soja a Kamaru, aka kama shi a Garwa a 1915, ya shiga sojan Nijeriya a 1917, ya yi yaƙi a Afirka ta Gabas da Habasha da Bama, bai ajiye kaki ba sai 1953. Barikin Lakwaja da sunansa a ke kiransa.

Da Yaƙin Hitila ya tashi a 1939 sai aka bukaci mutane masu yawa. Gwamna ya roƙi sarakuna, sarakuna suka aika wa hakimai, hakimai suka aika wa dagatai, ƙasar Katsina kuwa ta ba da nata rabon. Daga 1942 kuma ga diban gwamna, watau tilasta mutane zuwa haƙar kuza a Jos, ga kuma matsa manoma su ƙara gyaɗa da auduga. Ƙauye ɗaya, bukata uku. A 1941 sojan Nijeriya suka kori Italiya daga Magadishu zuwa Harar, tafiyar fiye da mil 1,000 cikin wata guda, amma wannan a mota aka yi yawancinta. Wahalar gaske tana Bama.

Runduna ta 81 an kafa ta a 1943, ta 82 kuma ta bi bayanta. Ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan da farkon 1944. Ƙasa ce ta duwatsu da kurmin gora, ba hanyar mota, har sai da sojan suka sare wata da hannunsu, mil 75. Abinci da harsashi daga jirgin sama a ke jefo musu, sa'an nan dubban 'yan dako, waɗanda su ma soja ne, su ɗauka a ka. A nan aka ga amfanin gudun asuba na Zariya, aka kuma ga amfanin ɗan ƙauye wanda ya saba ɗaukar dami daga gona zuwa gida. Ƙa'idar tafiya ita ce a yi minti 50, a huta minti 10. In an sauka da maraice ba kwanciya, sai kowa ya haƙa ramin da zai kwana ciki. Da faɗuwar rana duk sansani sai ya tsaya cikin ramuka da bindiga a hannu har duhu ya rufe, haka kuma kafin fitowar alfijir, don waɗannan su ne lokatan da abokan gaba suka fi kawo hari. Abin da ya saura tsakani shi a ke rabawa tsakanin barci da gadi, mutum biyu a rami, ɗaya ya kwanta ɗaya ya duba.

Mutanen Japan kuwa sun gane barci makami ne. Su kan aiko mutum kaɗan cikin dare su zagaye sansani, suna ihu, suna kiran sunaye, suna harbi nan da can, ba don su ci wurin ba, sai don a firgita a yi ta harbin duhu, su san inda bindigogi masu ruwa su ke, gari kuma ya waye ba wanda ya runtsa. Sabon soja ya kan ƙare harsashinsa a kan kututture. Sai da aka hore su da cewa kada wanda ya harba sai ya ga abin harbi, sa'an nan aka fara samun barci. Ashe horon da ya fi kowane wuya shi ne mutum ya kwanta shiru cikin rami ana ihu a kansa.

Bataliya uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware su aka haɗa da rundunar Janar Wingate, wadda a ke kira Chindit, aka sauke su da jiragen sama a bayan abokan gaba. Cikin watan Afrilu 1944 waɗansunsu suna cikin masu tsaron wani sansani kusa da Mawlu, wanda ya datse hanyar jirgin ƙasa ta Japan. Kwana da kwanaki ana yi musu ruwan igwa da maraice, a kawo hari da dare, da rana kuma su gyara waya su binne matattu. Wingate ya ƙaddara kada mutanensa su wuce kwana 90 a irin wannan hali, amma ya mutu cikin haɗarin jirgin sama a watan Maris, waɗanda suka gaje shi kuwa suka bar su har damina ta yi nisa. Da aka fito da su, likitoci suka tarar da yawan rundunar ba sa moruwa, saboda rama da zazzaɓi da atuni. Dā ma a 1943, a wannan fagen yaƙi, in an kai mutum 1 asibiti don rauni, an kai 120 don ciwo. Jikin da bai sami barci ba ƙofarsa a buɗe ta ke ga kowace cuta.

A watan Janairu 1945 rundunonin nan biyu suka haɗu suka ci Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya gaji mahaifinsa Muhammadu Dikko a 1944, ya tafi can da kansa ya gana da sojan, ya kai musu gaisuwar gida. Da aka sallame su bayan yaƙi, waɗansu suka koma gona, waɗansu suka shiga 'yan doka na En'e ko aikin masinja, da yawa kuwa suka zama masu gadin kantuna da ma'aikatu, don an san tsohon soja ya iya kwana tsaye. Sunayen wuraren da suka yi fama suna nan a barikoki: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Dodan da Arakan a Ikko, Chindit a Zariya.

Abin da samanjojin dā suka sani da ido, likitoci sun zo sun tabbatar da shi da awo. Baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye, kuma cikin barci ne naman jiki ke gyara abin da gudu da ɗaukar kaya suka ɓata, saboda haka motsa jiki ba tare da barci ba rauni ya ke jawowa. Hankalin mutum ya fi dushewa tsakanin ƙarfe 3 da ƙarfe 5 na dare, daidai lokacin da mahara ke so. A 1997 masana a Ostareliya suka nuna wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, kuzarinsa ya kan koma kamar na wanda giya ta fara kamawa. A 2017 jiragen ruwan yaƙi biyu na Amurka suka yi karo da jiragen fatake, sojan ruwa 17 suka halaka, bincike ya sa gajiya cikin dalilan, aka sake tsarin gadi yadda mutum zai riƙa kwanciya lokaci ɗaya kullum. A 2020 kuma sojan ƙasa na Amurka suka rubuta cikin littafin horonsu cewa ɗan barcin rana yana mai da ƙarfi, watau dai ƙailular gindin ɗorawa.

Barikin Zariya har yanzu yana karɓar kurata, begila kuwa ba ta fasa tashinsu da duhu ba. Ƙasar Tsiga ma ta ba da babban hafsa, Birgediya Janar Maharazu Tsiga, wanda ya shugabanci hukumar 'yan hidimar ƙasa. Cikin watan Fabrairu 2025, bayan ya yi ritaya ya koma gida, 'yan bindiga suka shigo garin cikin dare suka tafi da shi tare da waɗansu mutane, bai kuɓuta ba sai farkon Afrilu. Sojan da a ke turawa dazuzzukan Faskari da Ƙanƙara don wannan fitina, su ma da dare su ke sintiri.