Ciwon Mai Keke: Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Allurar Sinawa

Ya kai mai karatu, idan kana cikin masu taka keke daga Mada zuwa Gusau, ko masu ɗauko buhun hatsi daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu, to ka san wuraren da dokin ƙarfe ke karɓar kuɗinsa: gwiwa, ƙugu, wuya da tafin hannu. Wannan ciwo yana da tarihi, maganinsa ma haka.

Keke irin wanda muka sani, mai ƙafafu biyu daidai da juna da sarƙa, John Kemp Starley ne ya fito da shi a Coventry ta Ingila a 1885. A 1888 John Boyd Dunlop ya yi tayar da ake hura wa iska, jijjigar hanya ta ragu. A zamanin Turawa, bayan layin dogo daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Kaura Namoda a 1929, kuɗin gyaɗa da auduga suka shiga hannun manoma, keken Raleigh ya zama abin alfahari. Da keke ya yawaita, kukan ƙugu ma ya ƙaru.

Wurin wanzami aka saba kai wannan kuka. Yakan ɗora ƙaho a baya, ya zuƙe iska, ya yi tsaga, ya fitar da abin da ake kira mataccen jini. Wasu kuma sukan wadatu da tausa da man kaɗanya da gashi da ruwan zafi.

Sinawa sun bi wata hanya: soka siraran allurai a zaɓaɓɓun wurare na jiki, ko danna wuraren da yatsa. Littafin Huangdi Neijing, wanda aka tattara fiye da shekaru 2,000 da suka shuɗe, shi ne tushen wannan ilimi. Wajen 1027 likita Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla masu alamun wuraren, domin koyar da ɗalibai. Tawagar likitocin Sin ta farko a Afirka ta sauka Aljeriya a 1963, maƙwabciyarmu Nijar kuwa ta fara karɓar tata a 1976. Amurkawa sun waiwayi abin a 1971, lokacin da ɗan jarida James Reston ya rubuta yadda aka rage masa raɗaɗi da allurai bayan tiyata a Beijing. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita matsayin wurare 361.

To, yana aiki kuwa? Wani babban gwaji da aka yi a Jamus, aka buga sakamakonsa a 2007, kan masu daɗaɗɗen ciwon baya fiye da 1,000, ya nuna waɗanda aka yi wa allurar sun fi waɗanda aka ba magani da motsa jiki samun sauƙi. Sai dai waɗanda aka soka musu ita sama-sama, a wuraren da ba na ƙa'ida ba, su ma sun samu sauƙi kusan daidai. Ke nan tana iya rage raɗaɗi, amma ba ta gyara abin da ya haddasa shi.

Abin da ya haddasa shi kuwa sau da yawa yana jikin keken. Sirdi idan ya yi ƙasa, gaban gwiwa ke ɗaukar nauyi. Ka ɗaga shi har ƙafarka ta kusa miƙewa idan feda ta kai ƙasa. Dogon sunkuyo shi ke gajiyar da ƙugu da wuya. Mutuwar ƙaramin yatsa da na kusa da shi alama ce ta danne jijiyar gefen tafin hannu, sai ka riƙa sauya riƙo.

Dannawa da yatsa ba ta bukatar kuɗi. Sinawa suna danna naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya domin ciwon kai da wuya, ko da yake suna hana mai juna biyu. Suna kuma danna wani wuri faɗin yatsu huɗu ƙasa da ƙoƙon gwiwa, ta wajen ƙashin ƙwauri, domin gajiyar ƙafa. Minti ɗaya ko biyu ya isa.

Amma duk abin da zai huda fata, aska ce ko allura, kada ka yarda sai sabuwa ce da ba ta taɓa jikin kowa ba, domin ta nan ciwon hanta da ƙanjamau ke yaɗuwa. Allura a ƙirji ko saman baya a hannun wanda bai ƙware ba tana iya huda huhu. In gwiwa ta kumbura, ko ƙafa ta yi rauni, ko ciwon baya ya zo da zazzaɓi ko kasa riƙe fitsari, ka jingine keken ka nufi asibiti a ranar.