Tarihin Wakilin Action a Harshen C#

A harshen C# na kamfanin Microsoft, wakili, wanda a rubutun manhaja ake kira delegate, nau'i ne da ke riƙe da wani aiki domin a miƙa shi ga wani sashen manhaja ya kira shi daga baya, idan lokacinsa ya yi. Mafi sauƙin irinsa shi ne wanda ba ya karɓar komai, ba ya kuma mayar da komai. Yau sunansa Action, amma sai da harshen ya yi shekara biyar kafin ya sami wannan suna na bai-ɗaya.

Asalin wakili ya girmi C#. Anders Hejlsberg, wanda ya jagoranci aikin Turbo Pascal da Delphi a kamfanin Borland, ya koma Microsoft a 1996, kuma a Visual J++ 6.0 na 1998 aka fara ganin wakilai, an ɗora su a kan harshen Java. Kamfanin Sun, mai harshen Java, bai ji daɗin wannan ƙari ba, har ya fitar da takarda yana sukarsa. Dama tun 1997 ya maka Microsoft a kotu kan yadda yake sarrafa Java, kuma sai a 2001 aka sasanta. Da Hejlsberg ya tsara C#, wanda ya fito tare da .NET Framework 1.0 a 2002, ya shigar da wakilai a cikin ginin harshen tun daga tushe.

Al'adar wancan zamani ita ce kowace buƙata a yanka mata nata wakilin. Mai son tayar da sabon zaren aiki yana da ThreadStart. Mai gina tagogin Windows Forms yana da MethodInvoker. Akwai kuma CrossAppDomainDelegate, wanda ba kasafai ake taɓa shi ba. Dukkansu fasalinsu ɗaya: ba shigarwa, ba sakamako. Sai dai C# da suna yake tantance wakili, ba da fasali ba, don haka ba a iya zuba ThreadStart kai tsaye a gurbin MethodInvoker, ko da kamarsu ta kai ta tagwaye. Mai rubuta manhajar da kawai yake son a kira wani aiki bayan an gama wani abu, zaɓi biyu gare shi. Ko dai ya ari ɗaya daga cikin waɗannan, ya jawo ruɗani ga mai karatu da zai zaci akwai zare ko taga a wurin da babu, ko kuma ya ƙirƙiri nasa. Mafi yawa nasu suka ƙirƙira, shi ya sa tsofaffin manhajoji ke cike da wakilai iri ɗaya masu suna daban-daban.

A 2005, .NET 2.0 ya kawo nau'o'i masu gurbi, waɗanda ake cike irin bayanansu a lokacin amfani. Da su aka sami Action<T>, Predicate<T>, Comparison<T> da Converter, galibi domin aikin jerin abubuwa. Abin mamaki, Action<T> shigarwa guda yake karɓa, kuma ba a yi masa ɗan'uwa mara shigarwa ba. An toshe manyan giɓi, an bar ƙarami.

Sauyin ya zo a Nuwamban 2007 da .NET 3.5 da C# 3.0. Tsarin LINQ da gajeren rubutun lambda sun buƙaci wakilai na gama-gari, sai aka fito da dangi biyu: Action ga ayyukan da ba sa mayar da sakamako, Func ga masu mayarwa, kowanne har shigarwa 4. A nan ne Action mara shigarwa ya bayyana, tare da Func<TResult>. An ajiye Action a fayil ɗin System.Core.dll, kuma wanda bai haɗa wannan fayil da manhajarsa ba sai ya neme shi ya rasa. A .NET 4.0 na 2010 aka mayar da shi fayil ɗin mscorlib, aka kuma faɗaɗa dangin biyu zuwa shigarwa 16.

Yawancin tsofaffin sunayen ba su mutu ba, domin cire su zai karya manhajojin da suka dogara da su. Har yanzu ajin Thread na karɓar ThreadStart. Action ma yana da iyaka. Ba ya ɗaukar shigarwa masu alamar ref ko out, don haka a irin wannan wuri dole a bayyana wakili na musamman. Tun da C# 5.0 ya kawo async a 2012, ƙwararru sun fi son Func<Task> ga aikin da za a jira, saboda idan aka zuba irinsa a Action ba a iya jiran kammalawarsa, kuskuren da ya faru a cikinsa kuma ba ya komowa ga wanda ya kira shi. A C# 10 na 2021, harshen da kansa yake gane cewa lambda mara shigarwa da sakamako Action ne, ba sai an rubuta sunan ba.