Auna Ƙwaƙwalwar Ɗan Tayi da Hoton Ciki

Hanya ce da likitoci ke bi su duba girman ƙwaƙwalwar ɗan tayi tun yana ciki. Galibi ana yin sikanin tsakanin mako 18 da 22, a auna faɗin kai da kewayensa, da faɗin kogon ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwa. Idan kogon ya kai milimita 10, sai a ƙara bincike, wani lokaci da na'urar MRI. Wasu na cewa girman kai ba ya nuna kaifin basira. Gaskiya ne, amma ba basira ake nema ba. Taruwar ruwa ko tsukewar kai ake son ganowa da wuri, kamar yadda aka yi a Brazil lokacin cutar Zika a 2015, domin a shirya haihuwa a asibitin da ya dace.