Tarihin Ƙanƙarar Dutsen Kilimanjaro

Kilimanjaro yana arewa maso gabashin Tanzaniya, tsayinsa mita 5,895, kuma duk Afirka babu dutsen da ya kai shi. Tsakaninsa da gaɓar Tekun Indiya kusan kilomita 300 ne, kuma daga can iska ke kwaso masa ruwa. Gefensa na kudu, inda ƙabilar Chagga ke noman ayaba da kofi, yana samun ruwa fiye da milimita 2,000 a shekara, amma kafin iskar ta kai ƙololuwar Kibo ta riga ta zubar da kayanta. Can sama hamada ce mai sanyi, kuma a cikinta ƙanƙarar take.

Mutanen gindin dutsen sun daɗe suna kallon farin kansa, amma rubutaccen labari ya fara ne a watan Mayu 1848, lokacin da ɗan mishan Johannes Rebmann ya hango shi. Wani masanin taswira a Landan, William Cooley, ya ƙaryata shi, wai ƙanƙara ba ta zama kusa da tsakiyar duniya. Shi kuwa ko ƙasar bai taɓa takawa ba. Charles New ya isa bakin ƙanƙarar a 1871, Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka hau ƙololuwa ranar 6 ga Oktoba 1889, gardamar farko ta mutu.

Ta biyu, kan dalilin raguwar ƙanƙarar, ita ce mai wuya. Taswirar Klute da Oehler ta 1912 ita ce awon farko da za a dogara da shi, kuma ta nuna ƙanƙara mai faɗin murabba'in kilomita 11 da ɗoriya. A 2011 abin da ya rage bai kai 2 ba. Lonnie Thompson na Jami'ar Jihar Ohio, wanda ya haƙo ƙanƙarar a 2000, ya ɗora laifin kan ɗumamar yanayi, ya kuma yi hasashen za ta ƙare tsakanin 2015 da 2020. Lokacin ya wuce, ragowarta na nan. Georg Kaser da Thomas Mölg na Innsbruck, waɗanda suka ɗora laifin kan bushewar iska, sun fi hujja, domin matsakaicin sanyin ƙololuwar ya kai digiri 7 ƙasa da sifili, kuma ja da bayan ya soma tun wajen 1880, lokacin da Gabashin Afirka ta shiga bushewa. Ƙanƙarar da ake sayarwa a kasuwa da azumi narkewa take, ta jiƙa buhu tana ɗiga. Ta saman Kibo kuwa, kaso mai yawa nata tashi yake cikin iska bai zama ruwa ba, kamar yadda wanki ke bushewa da hunturu duk da sanyi. Idan sabuwar dusar ƙanƙara ba ta sauka ta rufe tsohuwa ba, fuskarta sai ta yi duhu, ta ƙara shan rana.

Wani zai ce ashe an wanke ɗumamar yanayi ke nan. Ba a wanke ta ba. Bushewar iskar tana da nasaba da sauyin da ake samu a Tekun Indiya, tekun kuma yana ƙara zafi, sannan ƙanƙarar da ke gangaren ƙasa-ƙasa tana narkewa sosai. Ko shekarunta ba a daidaita ba: Thompson ya ce 11,700, Kaser na ganin ta sha ɓacewa tana dawowa.