Rafukan New York da Sunayen da Holan Ta Bari

Mulkin Holan a kwarin kogin Hudson ya ɗauki kimanin shekara 40, daga 1624 zuwa 1664, shekarar da jiragen yaƙin Ingila suka ja daga a bakin New Amsterdam, gwamna Peter Stuyvesant ya miƙa wuya ba a gwabza ba. Nan take sababbin masu mulki suka shiga raɗin suna. New Amsterdam ta koma New York, Beverwijck ta koma Albany, duka biyun don karrama James, ƙanen Sarki Charles II, daga baya Wiltwijck ta zama Kingston. Sai dai wanda ya duba taswirar yankin a yau zai ci karo da Catskill da Fishkill da Wallkill da Peekskill, kuma "kill" ɗin nan rafi take nufi a harshen Holan. A ganina ba dace aka yi ba. Ikon mai ci da yaƙi a kan suna yana tsayawa ne inda fadarsa da barikinsa suke, sunan rafi kuwa yana hannun masu noma a gefensa. Yarjejeniyar miƙa wuya ta 1664 ta bar wa mutanen Holan dukiyarsu da al'adunsu na gado, kuma da rafi ake shata iyakar gona a takardun fili, a bakinsa ake kafa injin niƙa mai aiki da ruwa. Taɓa sunansa tayar da rigimar iyaka ne, abin da babu gwamnan da ke nema.

Za a iya cewa ai Brooklyn da Harlem da Flushing garuruwa ne, kuma daga Breukelen da Haarlem da Vlissingen na can Holan suka samo sunayensu. Gaskiya ne, amma girmansu na yanzu ke ruɗar mu. A wancan zamani ƙauyukan manoma ne, ba mazaunin hukuma ba. Harlem ma an gwada, gwamna Richard Nicolls na Ingila ya laƙaba mata Lancaster, mazauna suka yi kunnen uwar shegu da shi. Harshen Holan kansa ya daɗe a karkara, domin Martin Van Buren, shugaban Amurka na takwas, wanda aka haifa a Kinderhook a 1782, da harshen Holan ya buɗi baki.

Sukar da ta fi nauyi ita ce su ma 'yan Holan baƙi ne, sun binne sunayen da 'yan asalin ƙasar, al'ummun Lenape da Mahican, suka ba waɗannan ruwaye. Wannan ba abin musu ba ne, kuma yana gyara hujjar: zama a ƙasa kaɗai ba ya tsare suna, sai mai sunan yana riƙe da takardar fili da kotu za ta karɓa. 'Yan asalin ƙasar an raba su da gonakin, 'yan Holan an bar musu nasu. Idan suna ya shiga takarda kuwa, ko ma'anarsa ta ɓace yana nan daram. A 1996 ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ta nemi a sauya sunan Fishkill, wai a kunnen mai jin Ingilishi kisan kifi yake nufi. Hukumar garin ta ƙi.