Sarakuna, Talakawa da Bayin Sarki a Tsohuwar Kano

Da yawa daga cikinmu sun karanta tarihin biranen Girka na dā, inda kowane birni ke cin gashin kansa: Atina da taron 'yan ƙasarta, Sparta da sarakunanta biyu. To, ƙasar Hausa ma haka take kafin jihadin 1804. Kano, Katsina, Zazzau da Gobir, kowace da sarkinta da rundunarta.

A Kano masu sarauta ne a sama, talakawa a ƙasa, malamai da attajirai kuma a tsakani. Sarki ba shi kaɗai yake yanke shawara ba, domin Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa majalisar Tara ta Kano, kuma shi ne Shehu al-Maghili ya rubuta wa nasiha kan wajiban mai mulki.

Amma abin lura, ya ɗan'uwa, shi ne matsayin bayin sarki. A Atina bawa ba shi da ta cewa a sha'anin mulki ko kaɗan. A Kano kuwa Rumfa ya ba babanni muƙamai, daga baya Sarki Ibrahim Dabo (1819–1846) ya raya sarautun Shamaki, Ɗan Rimi da Sallama. Dalilin a fili yake: bawa ba ya gadon karaga, saboda haka sarki ya fi sakin jiki da shi fiye da 'yan'uwansa na jini. Sai ga talaka, ɗa mai cikakken 'yanci, yana durƙusa wa bawa domin ya isar masa da kukansa fada.